Tallajar Inna

Ranar Talata da hantsi Sakinatu ta kira ƙaninta Falalu a waya. Shekarunsa hamsin da biyu, da furfura a gemu, da ’ya’ya huɗu, amma har yau in ya ga sunanta a fuskar wayar sai ya gyara zama, ya cire ƙafa ɗaya daga kan ɗaya.

“An bugo daga Madina,” in ji ta. “Jikin Hala Mubina ya yi tsanani. Likita ya ce duk mai son ganinta ya zo a makon nan.”

Hala Mubina ƙanwar mahaifiyarsu ce, ita kaɗai ta rage wa Inna Ɗaso a cikin ’yan ɗakinsu. Tare aka zo da su Makka daga Kano suna yara, aure ya kai ɗaya Madina, ya bar ɗaya a unguwar Misfala. Shekara shida ke nan rabon da su ga juna, tun da bayan Inna ya ƙi zaman mota. Minti ashirin a kujera sai ka ji ta fara salati, ba kuma irin na neman lada ba. Ga ciwon sukari, allura sau biyu a rana, maganin allurar kuwa ba ya shiri da zafi, a watan da ko ƙarfen ƙofa ba ya taɓuwa da rana.

“Ni zan kai ta,” in ji Falalu. Bakinsa ne ya faɗa, shi kansa daga baya ya samu labari.

“Da me? A wuyanka?”

“Da karafan, Yaya. Maigidanmu yana da ita. Mota ce mai ɗaki, har da gado. Inna ta kwanta tun daga ƙofar gida har Madina.”

Falalu ya san abin da Sakinatu take yi a ranta. Tarihinsa take bitawa: tukunyar dumama ruwan da ya gyara mata wadda ta riƙa jan mutane a banɗaki, da kejin tattabarun da ya fara a kan soro shekara tara da suka wuce, wanda har yau yake jiran rufi. Kowa a gidan ya yarda Falalu ya iya fara abu. A nan yardar take tsayawa.

“To ka ji,” in ji ta. “Alhamis ƙarfe goma ka zo gidana a unguwar Zahir, tunda Inna tana wurina. Da hannuna zan taɓa inda maganinta zai zauna. In ban ji sanyi ba, ba inda za ta je. Gara ta yi kuka a gidana da a bugo min daga tsakiyar sahara.” Ya ji wata murya daga nesa, Sakinatu ta amsa mata, sannan ta dawo kansa. “Kuma ta ce ka biya Misfala ka ɗauko mata tallajarta. Ta ce ba ta tafiya sai da ita.”

Tallaja ita ce firji a Larabcin garin, kuma tunda maganar sanyi ake yi, Falalu bai ga abin tambaya ba. Ya san firjin Inna kamar yadda ya san goshinta: kore, ya kai shi kafaɗa, marigayi mahaifinsu ne ya sayo shi tun Falalu bai fara gemu ba. Sau uku ana kawo mata sabo tana cewa a mayar. Tsohuwar da ta ƙi rabuwa da shi a gida, me zai sa ta yarda ta rabu da shi a hanya? Har ya ɗan ji daɗi, don ya ga ya fahimci uwarsa ba tare da an yi masa bayani ba.

Laraba da safe ya karɓo karafan ɗin daga maigidan kamfanin da yake wa tuƙi. Gadon yana nan lafiya. Akwai ma wani ɗan ƙaramin firji a jikin bango, amma da Falalu ya buɗe shi sai da ya koma baya taku biyu: ya mutu tun bara, kuma bai mutu shi kaɗai ba, da ragowar nama a cikinsa. Motar ba ta shiga lungunan Misfala, don haka ya ajiye ta a garejin Issoufou, mai wayarin mota, mutumin Damagaram da ya yi shekara ashirin a Makka bai yarda ya saki Faransancinsa ba. Falalu ya gaya masa firjin Inna yake so a haɗa a cikin motar.

“Firigon gida?” in ji Issoufou, yana goge hannu da tsumma. “A cikin mota? Kai, Kanawa! In an ce ku je dubiya sai ku tashi gari.”

“Ni a Misfala aka haife ni. Ban taɓa ganin Kano ba sai a talabijin.”

“A jini take. Batir nawa kake da shi?”

“Na motar.”

“Na motar,” in ji Issoufou, ya juya ya gaya wa wata tsohuwar taya da ke jingine da bango. “Ka ji shi. Firigo zai sha kuran ɗin, wutar batir kaf, mota ta mutu, Bakano ya zauna a sahara yana shan ruwan sanyi har a zo a same shi.”

Ya yi masa bayani da ƙusa a kan ƙasa. Batir biyu manya, irin na babbar mota, a ƙarƙashin benci. Waya daga injin ta riƙa cika su in ana tafiya. Sai inbata, wata akwatin ƙarfe mai mayar da wutar batir irin ta gida. Falalu ya gyaɗa kai a duk inda ya ga ya kamata a gyaɗa.

Gidan Inna a hawa na uku yake, kuma wanda ya gina matakalar bai taɓa tunanin wani abu zai fita daga gidan ba. Falalu da wasu ’yan dako biyu suka yi awa guda suna juya firjin a kwanoni. Shi ne a ƙasa, don shi ne ɗan gida. A hawa na biyu wani abu ya ce ƙas a ƙugunsa, ya yi shiru da bakinsa, don kada ’yan dakon su ce masa baba. Maƙwabta suka fito ƙofa-ƙofa. Wata tsohuwa ta tambaya a hankali ko Hajiya Ɗaso lafiya, tunda ta ga ana fitar da kaya. Suka kwantar da firjin a bayan a-kori-kura, suka nufi gareji.

Issoufou yana hango su ya ɗora hannu biyu a ka.

“Kwance ka kawo shi?”

“To a tsaye zai yi sallah ne?”

“Man cikin injinsa duk ya gangara inda bai kamata ba. In ka ba shi kuran yanzu ka kashe shi. Sai ya tsaya da ƙafafunsa har gobe, man ya koma wurinsa.”

“Gobe ƙarfe goma nake Zahir.”

“Sai ka gaya wa man.”

Haka suka wuni suna abin da za a iya yi ba wuta. Suka cire teburin da ke tsakiyar ɗakin motar, suka tura firjin ta ƙofar gefe da kyar, har fentinsa ya kwarzane. Issoufou ya sa aka bar tazarar tafin hannu a bayansa don ya sha iska. Ɗauri kuwa Falalu ya ce a bar masa. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana aikin tantuna a Mina lokacin Hajji, kuma in akwai abin da ya taɓa gamawa a rayuwarsa, ƙulli ne. Ya ɗaure firjin da igiya ta kusurwa huɗu, ya jijjiga shi, motar gaba ɗaya ta motsa amma firjin bai motsa ba. Ƙofarsa ce kawai take wangalewa in an karkata, sai ya zagaye ta da bel ɗin haraminsa. Issoufou ya duba, bai sami abin kushewa ba, abin ya ɓata masa rai.

Alhamis tun ƙarfe bakwai Falalu yana gareji. An haɗa batura, an haɗa inbata, ’yar fitilarta ta kawo kore. Ya ɗauki filogin firjin, ya yi bisimilla, saura ɗan yatsa ya cusa shi, sai Issoufou, wanda ke tsugune a baya yana karanta wani ɗan ƙarfe da ya yi tsatsa, ya daka masa tsawa.

“Sake shi! Ɗari da goma ne!”

Falalu ya sake shi kamar ya taɓa kunama. Tsofaffin gidajen Makka wuta biyu gare su, ta ɗari da goma da ta ɗari biyu da ashirin, soket ɗinsu kuma kusan kama ɗaya. Babu gida a Misfala da ba shi da gawar rediyo ko ta dutsen guga a kan kabad saboda wannan. Firjin Inna na ƙaramar wuta ne, inbatar kuwa babbar take bayarwa. Da ya cusa, da ya aika firjin mahaifinsa ya tarar da mahaifinsa.

“Sai muhawwil,” in ji Issoufou. “Mai rage wuta. Babba, ba irin na cajin waya ba.”

Shago na farko ba su da shi. Na biyu suka ce an daina kawowa, tunda hukuma tana mayar da kowa kan wuta ɗaya. A na huɗu, wani tsoho ya zaro masa guda daga ƙarƙashin tarin fankoki, mai nauyi kamar dutsen niƙa. Falalu ya rungumo shi yana tafe yana ɗingishi, wayarsa tana kuka a aljihu. Ƙarfe goma da kwata. Bai ɗauka ba. Ya gaya wa kansa hannuwansa ne a cike.

Aka jona muhawwil tsakanin inbata da firji. Falalu ya sake bisimilla, wannan karon da ƙarfi. Firjin ya yi gurnani, ya girgiza, sai inbatar ta tsala ihu, ƙiii, fitilarta ta koma ja. Shiru. Suka sake. Ƙiii. Sau huɗu.

“Ya mutu?” in ji Falalu. Muryarsa ta fito siririya.

“Bai mutu ba. Tsoho ne. Kai in za ka tashi daga tabarma, ba sai ka dafa gwiwa ka yi nishi ba? Shi ma a wurin tashi yake neman ƙarfi, in ya miƙe shi ke nan. Wayoyin nan sun yi siriri, ba sa kai masa. Je ka samo min kebul na walda, mita biyu, mai kaurin yatsana.” Ya ɗaga babban yatsan don kada a samo na Bakano.

Masu kayan walda suna can bakin titi, kuma ba kowa ne ke yanka mita biyu ba. Falalu ya isa shagon da aka kwatanta masa daidai lokacin da ladan ya ɗaga murya, mai shagon kuma ya jawo ƙofar ƙarfe, garau, a gaban hancinsa. Ya roƙe shi da Larabci, ya roƙe shi da Hausa ko da za a dace. Mutumin ya nuna sama da yatsa, ya wuce masallaci. Falalu ya bi shi. Ya tsaya kusa da shi a sahu don kada ya ɓace masa, ya kuma yi sallar Azahar ɗin da shi kansa ba zai so a tambaye shi raka’o’inta ba.

Da ya fito ya duba waya. Kira tara. Sai saƙo guda ɗaya: “An sake bugowa daga Madina. Hala tana tambayar Inna.”

Ya tsaya a rana da takalmi ɗaya a hannu. Tun jiya tunanin Sakinatu yake yi, da abin da za ta ce, da yadda za ta kalle shi. Sai yanzu ya ga Inna zaune a bakin gado tun safe, da mayafinta a ka, da jakarta a cinya, tana sauraren kowace motar da ta wuce.

Issoufou bai yi masa tsiya ba da ya dawo. Ya karɓi kebul ɗin, ya fere bakinsa da wuƙa, ya ɗaure da sifana har jijiyar wuyansa ta fito. Firjin ya yi gurnani, ya girgiza, inbatar ta ce ƙi, ta yi kamar za ta ci gaba, sai ta fasa. Wani ƙugi mai laushi ya cika ɗakin motar, ƙugin da Falalu ya girma yana ji ta bayan bangon ɗakinsu.

“Kada ka buɗe shi,” in ji Issoufou. “Ko leƙe. Cikinsa yanzu kamar tanda yake, kowane minti yana da amfani. Tafi. Allah ya ba tsohuwa lafiya.”

Ƙarfe biyu saura ya tsaya a ƙofar gidan Sakinatu a Zahir. Tana tsaye a inuwar ƙofa, ta harɗe hannuwa. Ta shiga ta fito da Inna a hankali, tana riƙe da gwiwar hannunta.

“Falalu,” in ji Inna, “ka zo min da tallajata?”

“Tana ciki, Inna. Tana ma aiki.”

“Aiki?”

Ya buɗe ƙofar gefe, ya ja baya kaɗan don su gani da kyau. Firjin yana tsaye a tsakiyar ɗakin, kore, ɗaure da igiya ta ko’ina, da bel ɗin harami a ƙugunsa. Inna ta daɗe tana kallonsa.

“Wannan ai firjina ne.”

“Shi ne, Inna.”

“Wa ya mutu da aka fara rabon gado?”

“Ke kika ce tallajarki...”

“Tallajar shayi, ɗan nan! Ja, mai marfin azurfa, tana nan kan kabad kusa da gwangwanin sukari. Yaushe ka taɓa jin na ce wa firji tallaja?”

Bai taɓa ji ba. Abin da ya fi ciwo ke nan. A Makka butar da ke riƙe zafin shayi ita ma tallaja ake ce mata, kowa ya sani, shi ma ya sani. Inna kuwa tun da aka kawo firjin gidan take kiransa da sunan da ta ji alhazan Kano suna kiransa, ba ta taɓa canzawa ba. A bakinta firji firji ne, tallaja kuma ta shayi. Shekara hamsin yana jin haka. Jiya ma sai da ya ɗauke jar butar daga hanya, ya ajiye ta a gefe da kyau, don kada ’yan dako su fasa ta.

“Hawa uku,” in ji Sakinatu a hankali. “Ka sauko da shi hawa uku. Akwatin ƙanƙara irin na masu kifi ya isa maganin nan, Falalu. Shi na zaci za ka zo da shi.”

Akwatin ƙanƙara. Ya juya kalmar a ransa, ya ga ba ta da aibi ko ɗaya.

“Inna, mu koma ciki,” in ji Sakinatu. “Mutumin da bai bambance buta da firji ba, ba zan ba shi ke ya shiga sahara da tsakar rana ba. A bari mijin ’yata Nora ya dawo daga Jidda ranar Asabar, a san yadda za a yi.”

Asabar. Falalu ya dubi Inna, ya ga yadda hannunta ya matse jakar. Ita ma ta ƙirga kwanakin.

“Yaya,” in ji shi, “ba haka muka yi da ke ba. Cewa kika yi za ki sa hannu. In ba sanyi, na yarda, ni da kaina zan mayar da ita ɗaki. Amma ki sa hannun.”

Shi kansa bai san abin da ke cikin firjin ba. Minti arba’in kacal da tashinsa, a motar da ta wuni a rana. Sakinatu ta dube shi, ta tattare abayarta, ta hau. Ta kwance bel ɗin da yatsu biyu kamar mai cire wani abu daga miya. Ta buɗe ƙofar kaɗan, ta zura hannu har gwiwa, ta rufe ido.

Falalu ya kasa kallonta, sai ya kalli fitilar inbata. Kore. Ya roƙe ta a zuci ta zauna a haka. Zufa ta gangaro masa ta bayan kunne. Wata mota ta wuce, wani ya yi hon. Sakinatu ta matsar da hannun sama, ta dawo da shi ƙasa, ta taɓa bangon ciki da bayan yatsunta.

“Akwai,” in ji ta daga ƙarshe. “Sanyin marowaci ne, amma akwai. Saman har ya fara raɓa.”

“Yana ƙaruwa, Yaya. In muna tafiya...”

“Ban tambaye ka ba.”

Ta juyo don ta yi wa Inna magana, ba ta gan ta a ƙofa ba. Tsohuwar da sai an riƙe ta take taka matakala ta riga ta dafa ƙarfen ƙofa ta hau da kanta, ta kwanta a gadon, ta jawo mayafi ta rufe ƙafafunta.

“In shari’a za ku yi, ku yi ta a hanya,” in ji Inna. “Mubina tana jirana.”

Sakinatu ta sauka, ta shige gida. Falalu ya tsaya riƙe da bel, bai san ko an ci ba ne ko an faɗi. Minti biyar sai ga ta da ’yar jakar maganin, da tata butar shayin, da kuma wata jaka babba wadda ba ta Inna ba ce. Ta naɗe maganin a tawul, ta sa shi a tsakiyar firjin, nesa da saman, don in ya daskare ma ya lalace. Ta karɓe bel ɗin daga hannunsa ta ɗaure da kanta. Sannan ta shimfiɗa darduma a ƙasa, ta zauna, ta jingina bayanta da firjin.

“Yaya, ke ma...?”

“In ya tsaya zan ji a bayana. Ja mu tafi.”

Awa biyar da Sakinatu a bayan ƙeyarsa. Falalu ya hau kujerar direba, ƙugunsa ya tuna masa da matakalar jiya, ya tayar da mota.

Sun bar gine-ginen gari ke nan, duwatsu sun fara baƙi, titin Madina ya miƙe, sai wayar Sakinatu ta yi ƙara. Ta madubi ya ga ta duba lambar, ta ɗan jinkirta kafin ta ɗauka. Inna ta ɗago kai daga matashi. Ƙafar Falalu ta sassauta a kan totur ba da saninsa ba.

“Na’am,” in ji Sakinatu. Ta saurara. “Ta farka? ... To ku gaya mata muna hanya. Ku ce mata Yayarta tana hanya, kafin Isha in Allah ya so. A’a, ku sa mata wayar a kunne, ga ta nan.”

Ta miƙa wa Inna wayar. Inna ta riƙe ta da hannu biyu, ta ce, “Mubina.” Falalu ya ga Sakinatu ta kai gefen mayafi ido. Idanunsu suka haɗu a madubi.

“Kalli gabanka,” in ji ta. “Kuma ka taka motar nan, ba jaki ba ce.”